Haƙƙin Ma'aikaci Idan Rauni ko Ciwo Ya Hana Shi Aiki

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Mubi a Jihar Adamawa ya san gari ne na ma'aikata. Akwai malamai da akawuna da masinjoji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da kuma Jami'ar Jihar Adamawa. Akwai ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Akwai direbobi da yaran mota masu ɗaukar shanu daga kasuwar Mubi zuwa kudancin ƙasa, ga magina da kafintoci da makanikai, ga masu aiki a gidajen burodi da gidajen mai da injinan niƙa. Kowane ɗaya daga cikinsu da lafiyar jikinsa yake ciyar da iyalinsa. Ranar da tsani ya zame da magini, ko bel ɗin inji ya kama hannun mai niƙa, ko mota ta kife a hanyar Hong, to, ranar ce abincin gida guda yake tsayawa.

Mutane da yawa idan irin wannan ta same su sukan ce ƙaddara ce, su karɓi ɗan abin da mai gidan aiki ya ba su na magani, su koma gida su zauna. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana mutum neman haƙƙinsa. Dokar Nijeriya ta yi wa ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aiki tanadin diyya. Sai dai wannan haƙƙi yana da sharuɗɗa, yana kuma da wa'adi, kuma jinkiri kaɗai ya isa ya sa mutum ya rasa shi. An shirya wannan ɗan littafi domin bayyana sharuɗɗan da wa'adin. An kawo misalai daga Mubi, amma dokar ta tarayya ce, tana aiki daidai wa daida a kowace jiha.

Asalin dokar

A da, ana aiki ne da dokar biyan diyya ta 1987. A ƙarƙashinta mai ba da aiki ne yake biyan ma'aikacinsa diyya, sau ɗaya a dunƙule, kuma sau da yawa sai an kai ruwa rana, ko an je kotu, kafin kuɗin su fito. Idan kamfani ya karye, ma'aikaci ya tashi a tutar babu.

A watan Disamba na 2010 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, wadda ta soke waccan. Sabuwar dokar ta kafa asusu guda ɗaya wanda masu ba da aiki suke zuba kuɗi a ciki, daga cikinsa kuma ake biyan duk wanda tsautsayi ya faɗa wa. An danƙa kula da asusun a hannun Hukumar Inshorar Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSITF, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Hukumar ba sabuwa ba ce: an kafa ta a 1993, ta gaji asusun tanadin ma'aikata da aka kafa tun 1961.

A ƙarƙashin wannan doka ba a bukatar ma'aikaci ya tabbatar cewa laifin mai gidan aiki ne ya jawo haɗarin. Abin da ake dubawa shi ne ko raunin ya samo asali daga aiki.

Su wa dokar ta shafa?

Dokar ta shafi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, da na jihohi, da na ƙananan hukumomi, da na kamfanoni manya da ƙanana. Ba ta tsaya ga mai takardar ɗaukar aiki ba. Wanda aka ɗauka da baki, ba tare da rubutu ba, ma'aikaci ne a idon doka. Haka lebura mai aikin yini, da mai aikin wucin gadi, da yaron da ke koyon sana'a a gareji, har da mai aikin gida, muddin ba ɗan gidan ba ne. Waɗanda dokar ta ware su ne sojojin ƙasa da na ruwa da na sama, domin suna da nasu tsarin, amma farar hula da ke aiki tare da su suna ciki.

Wa ke zuba kuɗin?

Mai ba da aiki ne kaɗai. Doka ta ɗora masa ya yi rajista da Hukumar, ya kuma riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biyan ma'aikatansa kowane wata. Alal misali, gidan burodin da yake biyan ma'aikatansa jimlar Naira 500,000 a wata zai zuba Naira 5,000. Haramun ne a doka a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, ko a fili ko a ɓoye. Haka kuma duk wata yarjejeniya da aka sa ma'aikaci ya sa wa hannu cewa ya yafe haƙƙinsa na diyya, doka ba ta san da ita ba.

Ya kamata kowane ma'aikaci ya tambayi wurin aikinsa, tun yana da lafiya, ko an yi rajista kuma ana biya. Ƙin yin rajista laifi ne a kan mai ba da aiki, amma wahalar takan faɗa kan ma'aikaci ne ranar da ya zo neman diyya aka duba ba a ga sunan wurin aikinsa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago suna da babban aiki a nan, domin tambayar da ƙungiya ta yi ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Sharaɗi na farko: dangantakar rauni da aiki

Ba kowane ciwo ne ake biya wa diyya ba. Tilas ya zama aiki ne sanadinsa, ko kuwa ya faru a cikin aiki. Doka ta kawo waɗannan:

1. Rauni a wurin aiki, kamar faɗowa daga gini, ƙuna, yankan inji, ko harbin dabba ga wanda aka ɗauka aikin lodin shanu.

2. Rauni a wajen wurin aiki, idan aikin ne ya kai mutum can. Direban da ya tashi daga Mubi da kaya ya yi haɗari a hanyar Gombi yana bakin aikinsa ne, haka masinjan da aka aika da takarda.

3. Haɗari a hanya tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci, ko wurin da ya saba cin abinci, ko wurin da ya saba karɓar albashi, muddin mai ba da aiki ya riga ya san da wurin. Saboda haka duk wanda ya sake gida ya sanar da ofishinsa a rubuce.

4. Cutar da yanayin aiki ya haifar, wadda takan zo sannu a hankali: ciwon huhu daga ƙurar dutse ko ta auduga, ciwon fata daga sinadarai, gubar dalma, ko cutar da ma'aikacin asibiti ya ɗauka wajen jinyar marasa lafiya. Akwai jadawalin irin waɗannan cututtuka a ƙarshen dokar.

5. Kurumta ko raunin ji saboda daɗewa a cikin ƙarar inji.

6. Taɓuwar hankali ko matsananciyar damuwa da ta biyo bayan wani mummunan abu da ya faru farat ɗaya a wurin aiki, idan likita ya tabbatar.

Idan mutum yana da wata naƙasa tun da can, sa'an nan haɗarin aiki ya ƙara masa, ana biyansa gwargwadon abin da haɗarin ya ƙara.

Sharaɗi na biyu: kiyaye wa'adi

A nan ne mafi yawan masu haƙƙi suke yin asara. Akwai wa'adi uku, kuma ya kamata kowane ma'aikaci da matarsa da babban ɗansa su haddace su.

Kwana 14. Ma'aikacin da ya ji rauni, ko wani a madadinsa, zai sanar da mai ba shi aiki cikin kwana 14. Ana iya sanar da manaja, ko shugaban sashe, ko mai kula da taimakon gaggawa. Sanarwar ta ƙunshi sunan ma'aikaci, da rana da lokaci da wurin da abin ya faru, da irin raunin da sanadinsa, cikin magana mai sauƙi. Ya fi kyau a rubuta, a kuma ajiye kwafi. Rashin sanarwa yana iya toshe hanyar diyya, sai fa idan Hukumar ta gamsu cewa mai ba da aiki ya riga ya san abin da ya faru, ko kuwa adalci ya wajabta a saurari mai nema.

Kwana 7. Mai ba da aiki kuma tilas ya kai rahoto ga Hukumar cikin kwana 7. Idan rasuwa aka yi, nan take zai sanar. Ƙin kai rahoto laifi ne.

Shekara 1. Takardar neman diyya, wadda ma'aikaci ko magajinsa zai cika ya sa hannu, tilas ta isa Hukumar cikin shekara ɗaya daga ranar da aka ji rauni, ko ranar da cutar ta naƙasa mutum, ko ranar rasuwa. Idan akwai wani ƙwaƙƙwaran dalili da ya hana, Hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3, amma wannan rangwame ne, ba abin dogaro ba.

A ɗauki misalin wani magini da ya faɗo daga bene a Mubi ya karya ƙugu. 'Yan'uwansa suka ɗauke shi zuwa ƙauye wurin mai ɗori, ya yi wata takwas a kwance. Ɗan kwangilar ya aika masa da buhun masara da kuɗin cefane sau biyu, daga nan ya yi shiru. Ba a rubuta kome ba, ba a je asibiti ba. Da shekara ta zagayo ya tabbata ba zai sake hawa tsani ba, sai aka fara neman hanyar diyya. A lokacin babu takardar likita, abokan aikin da suka ga faɗuwar sun watse, wa'adi kuma ya wuce. Da a makon farko ƙaninsa ya rubuta layi huɗu ya kai wa ɗan kwangilar, aka kuma kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, da labarin ya sha bamban. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Sharaɗi na uku: shaidar likita

Ba ma'aikaci ne yake yanke wa kansa cewa ya naƙasa ba, ba kuma mai gidan aikinsa ba. Likita ne yake dubawa ya rubuta irin raunin da gwargwadon abin da ya rage wa mutum na ƙarfin aiki, Hukumar kuma tana iya tura mai nema a sake duba shi. Saboda haka a je asibiti tun ranar farko, ko da raunin ya yi kamar ƙarami ne. A adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da takardun magani, da rasiɗin duk abin da aka biya. Idan haɗarin mota ne a nemi rahoton 'yan sanda. A kuma tanadi shaidar albashi ta watannin baya, domin a kan albashi ake lissafin diyya, tare da sunayen waɗanda suka ga abin da ya faru.

Mazaunin Mubi zai kai takardunsa ofishin Hukumar da ke Yola, tafiyar kimanin kilomita 200 ta Hong da Gombi da Song. Ga mai rauni wannan tafiya ba ƙarama ba ce, don haka a haɗa takardu su cika kafin a kama hanya.

Abin da ake biya

Doka ta kasa naƙasa gida-gida.

Naƙasa ta dindindin wadda ta hana aiki gaba ɗaya, kamar rasa hannu biyu, ko ƙafa biyu, ko makancewa ɗungum, ko shanyewar jiki duka. Ana biyan mai ita kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda yake karɓar Naira 100,000 zai riƙa samun Naira 90,000.

Naƙasa ta dindindin wadda ta rage ƙarfin aiki, amma ba ta kawar da shi ba. A nan ana ƙiyasta abin da mutum ya rasa na samu, a biya shi kashi 90 cikin 100 na wannan asara. Direban da yake samun Naira 100,000, ya rasa ƙafa ɗaya, ya koma aikin zaune mai Naira 40,000, asararsa Naira 60,000 ce a wata. Kashi 90 cikin 100 na wannan shi ne Naira 54,000. Idan rauni ya bar mummunan tabo na dindindin a jiki, ana iya biyan kuɗi a dunƙule saboda shi.

Naƙasa ta ɗan lokaci, wadda ba ta wuce wata 12 ba. Wannan ana iya biyanta a dunƙule bisa jadawalin da ke cikin doka.

Biyan wata-wata yana ci gaba har mutum ya kai shekara 55, ko har ranar da zai yi ritaya idan Hukumar ta gamsu cewa ranar tana gaba da haka. Wanda kuwa ya riga ya kai 55 sa'ad da ya ji raunin, ana biyansa na shekara 2, ko har ranar ritayarsa idan ta fi nisa.

Ban da kuɗi, Hukumar tana iya ɗaukar nauyin magani da aikin tiyata da jinya, da kayan taimako irin su ƙafar roba da keken guragu da sandar dogarawa. Tana iya ba da kuɗin guzuri ga wanda aka tura jinya nesa da gida, ta kuma taimaka a koya wa mutum wata sana'a da ta dace da halin da yake ciki. Manufar doka ita ce mutum ya koma neman na kansa idan da hali. Idan kuwa rai ya yi halinsa, iyalin da mamaci yake ciyarwa ne ake biya: matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Kuɗin diyya ba a jinginar da su, ba a kuma riƙe su saboda bashin wani.

Idan ba a gamsu da hukunci ba

Wanda Hukumar ta ƙi biya, ko ta ba shi abin da yake ganin bai kai ba, yana da ikon rubuta mata ƙara cikin kwana 180 daga ranar hukuncin, domin ta sake dubawa. Idan har yanzu bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ya kamata a sani kuma cewa karɓar diyya a ƙarƙashin wannan doka yana maimakon kai mai ba da aiki ƙara ne a kan raunin. Ba a haɗa biyun, don haka a nemi shawarar lauya ko ta ƙungiyar ƙwadago kafin a zaɓi ɗaya.

Idan ciwon ba na aiki ba ne

Malamin makarantar da hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki yana gida, ko akawun da ciwon suga ya makantar, ba su cikin dokar diyya, domin ba aiki ne sanadi ba. Hanyarsu ita ce ta fansho. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa a asusun ritaya, mai ba shi aiki yana zuba kashi 10. A ƙa'ida ba a taɓa wannan asusu sai mutum ya kai shekara 50. Amma doka ta yi togaciya: wanda ƙwararren likita, ko kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida, ya tabbatar cewa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba saboda lafiyar jiki ko ta hankali, ko wanda ya naƙasa ɗungum, yana iya yin ritaya ya fara cin fanshonsa kafin ya kai 50. Zai kai takardar likita da takardar ritaya ga kamfanin da ke kula da asusunsa, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Fansho ta Ƙasa. Ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma su tuntuɓi hukumar fansho ta jiharsu, domin kowace jiha da tata dokar.

Wanda ba ma'aikacin kowa ba ne

Manomin da ke noma gonarsa, da mai tireda, da wanda aka haifa da naƙasa, ba su da mai ba da aikin da ya zuba musu kuɗi, don haka ba su shiga tsarin diyya kai tsaye. Haka mutanen Mubi da suka naƙasa a gidajensu ko a wuraren ibada sa'ad da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a watan Oktoba na 2014, ko a hare-haren bam na 2017 da 2018. Ya kamata a faɗi gaskiya: dokar tarayya ba ta yanka wa kowane mai naƙasa albashin wata-wata ba. Irin wannan alawus jiha ce take yankawa idan ta ga dama, kamar yadda Jihar Jigawa ta fara biyan Naira 7,000 a wata a 2007.

Abin da doka ta ba su shi ne kariya da dama. A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa. Dokar ta ba mai naƙasa haƙƙin ilmi kyauta har zuwa sakandare. Ta umurci hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba su fifiko a kan layi, ta kuma wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Mutumin da ya nuna wa mai naƙasa bambanci zai biya tarar Naira 100,000, ko ya yi ɗaurin wata 6, ko duka biyun, kamfani kuwa tarar Naira 1,000,000. Hukumar ce take ba da takardar shaidar naƙasa ta dindindin, bisa tabbacin likita.

Jan kunne

Akwai mazambata da ke yawo gari-gari, ko suna aika saƙo ta waya, suna cewa gwamnati tana rabon kuɗin naƙasassu, a biya su kaza su sa sunan mutum. Kada a ba kowa ko kwabo, kada kuma a ba kowa lambar sirri ta banki. Diyya haƙƙi ce, ba alfarma ba, kuma a ofishin Hukumar ake nemanta. A ɗaya gefen, duk wanda ya ƙirƙiri rauni ko ya kawo takardar likita ta jabu ya ci amanar 'yan'uwansa ma'aikata, doka kuma za ta hau kansa.

Ana roƙon masu unguwanni da dagatai da hakimai, da limamai da shugabannin coci, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da magina da makanikai, su karanta wa jama'arsu wannan bayani. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya karatu ba. Idan tsautsayi ya auku, a kai mutum asibiti a ranar, a sanar da wurin aikinsa a rubuce kafin kwana 14, a tabbatar an kai rahoto ga Hukumar, a kuma miƙa takardar neman diyya tun shekara ba ta cika ba.